Tarihin Kawu, Gyaran Hajiya

Kawu ba ya yarda da wayar hannu. A ganinsa duk maganar da aka yi wa waya ta zama ta duniya, yau ka faɗa a Madina gobe a ji ta a Kantin Kwari. Abin da ya sani shi ne kaset. Shekara da shekaru, idan alhazai za su koma gida, yakan ajiye rikoda a gabansa ya gaishe da dangi ɗaya bayan ɗaya, daga Fagge har Ɗambatta, ya naɗe kaset ɗin a takarda ya ba wani alhaji amana tare da dabino da zamzam. Da kaset ya mutu sai Kawu ya yi shiru, dangi suka koma jin labarinsa a bakin 'yan Umra.

Asali kawun mahaifiyata ne, ni ma na gaji sunan. Shi da matarsa Hajiya suna zaune a Ƙurban, kudu da Harami, tsakanin hanyar Ƙuba da Awali, a wani tsohon bene da ba shi da nisa da Rijiyar Garsu. Ni kuwa ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci, kuma a wani hutun zafi da kuɗin jirgi ya gagara sai na tare a wurinsu. A nan ne wata rana bayan La'asar ya ce yana so ya bar wa jikoki tarihin zuwansa ƙasar nan da muryarsa, amma ba a waya ba.

Na ce, "Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, ai wannan aikin kwamfuta ne. Abu ne na rabin awa."

Hajiya ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta dube ni, ta mayar.

A haraj, wato kasuwar gwanjo, na samo ta, tsohuwar kwamfutar tebur da wani ofishi ya sallama, da allonta da lasifika biyu. Mai sayarwa ya yi mini ragi saboda Windows 10 ce a kanta, wadda aka sanar za a daina kula da ita a Oktoban 2025. Kuma Balarabiya ce. Ni da nake karanta fiƙihu da Larabci ban ɗauki wannan a bakin komai ba, sai da na ga an juye komai: abin da hannuna ya saba samu a dama ya koma hagu, har da 'yar alamar lasifika da ke ƙasan allo.

Na kunna, komai ya tashi, ban da sauti.

A bayan akwatin akwai ramuka uku masu launi, tsarin da masu ƙera kwamfuta suka daidaita a kai tun ƙarshen shekarun 1990: kore na lasifika, ruwan hoda na makirufo, shuɗi na shigo da sauti daga wata na'ura kamar rikoda. Tsari ne mai kyau ga wanda ke kallonsu. Wanda ya durƙusa a ƙarƙashin tebur da dare, kansa a jikin bango, yana lalube da yatsa, duk rami rami ne. Na sa a na farko, shiru. Na biyu, shiru. Na haska da waya na tabbatar da kore, nan ma shiru.

Daga nan na shiga ƙure ƙara. Mutane da yawa sun ɗauka wurin ƙara guda ne, alhali aƙalla uku ne a jere: akwai maɓallin jikin lasifika, akwai babban ma'aunin Windows, sannan kowace manhaja tana da nata a wani shafi da ba ya fitowa sai an neme shi. Idan ɗaya ya rufe, sauran aikin banza suke yi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na kai kowanne ƙarshe. Don in san lokacin da abin zai kama, sai na ɗauko saƙon murya guda da ke kusa a wayata, na zuba a kwamfutar, na sa ya riƙa maimaita kansa. Saƙon Ummata ne.

Wajen ƙarfe biyun dare na gano inda sautin yake zuwa. Wayar HDMI da ta haɗa akwatin da allo ba hoto kaɗai take ɗauka ba, har da sauti, kuma kwamfutar ta zaɓi allon a matsayin bakinta. Allon kuwa ba shi da lasifika ko ɗaya. Tun Magariba Umma ke faɗa a cikin wayar nan ba mai jinta. Na danna linzami na mayar da zaɓin kan lasifika.

"KAI, WAI SAI YAUSHE? SA'ANNINKA DUK SUN AJIYE IYALI! 'YAR GIDAN BAFFANKA TA GAMA MAKARANTA, KADA KA CE BAN FAƊA MAKA BA!"

Tagogi suka amsa. Hannuna ya ruga ƙasan allo ta dama, inda ba komai. Kafin in tuna hagu Umma ta kai ƙarshe ta sake ɗaukowa daga "Kai". Sai da na fizge wayar wuta daga bango. A benen nan rabin mazauna Hausawa ne, wasu a nan aka haifi iyayensu, amma babu wanda Hausarsa ta gaza fahimtar wannan. Da muka fito Asuba, maƙwabcinmu na ƙasa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya sanya alheri, ango." Mai baƙala, wato kantin unguwa, Bayamale ne da ba ya jin ko "sannu", shi ma ya ƙara mini ruwan leda kyauta yana murmushi.

Fitar da murya ke nan. Saura shigar da ita.

Iyafis ɗin wayata na fara sakawa a ramin ruwan hoda, bai ɗauki komai ba sai ƙyas-ƙyas. Dalilin yana bakinsa: na waya zobe uku ne baƙaƙe, don kunne biyu da makirufo duk a tsinke ɗaya suke, ramin kwamfutar tebur kuwa mai zobe biyu yake jira. Sai an sa wata 'yar waya mai baki biyu ta raba su. Na je shagon wani mai gyara a bakin titi. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Mafi mushkila, format." Na ce matsalar tsinke ce. Ya ce format. Na sayi makirufo mai doguwar waya na gudu da kwamfutata ba a aske ta ba.

Na sauke Audacity, manhajar naɗar sauti ta kyauta da ake amfani da ita tun 2000, na danna jan maɓalli na yi sallama. Layi ya miƙe sambal. Ashe tun 2018 akwai wani makunni a sashen sirri na Windows 10 da ke hana manhajoji jin makirufo, kuma ofishin da ya riƙe ta ya kashe shi. Ban ga laifinsu ba, da ni ma ina da ofis haka zan yi. Na kunna, murya ta shiga, amma ƙasa-ƙasa. Na sami wurin ƙara wa makirufo ƙarfi na tura shi har desibel 30. Murya ta fito, ta taho da baƙo: wani gurnani mai kauri, mmmm, da ba ya numfashi.

A nan na nemi abokina mai gyara a Farm Centre, Kano. Ya ce ba ya gyaran abin da bai gani ba, don haka na sayo 'yar kamara mai USB na ɗora a kan allo muka yi kiran bidiyo. Ya ce gurnanin wutar lantarki ne, in shiga matata in yanke 50. Na yanke, na kunna masa, muka ji abin ya yi ƙasa sosai. Ya ce, "Ka gani? Sai ka turo na kati." Ina kashe kiran gurnani ya dawo da ƙarfinsa. Na sake kira, ya lafa. Na kashe, ya taso. Hajiya da ke kallo daga ƙofar kicin ta yanke hukunci cewa ko mene ne a cikin akwatin nan yana shakkar yaron Kano, ta kawo kasko ta turara shi.

Abu biyu ne suka haɗu. Windows, idan ta ji ana kira, takan rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100 don a ji juna, wannan ne lafawar da muke ta murna da ita. Sannan wutar Nijeriya sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, ta Saudiyya sau 60, abokina yana ta harbin inda ba kowa. Maganin ma bai kai nan ba: na raba wayar makirufo da wayoyin wuta da ta kwanta a kai, na sauke ƙarfin nan zuwa 10, gurnani ya tafi.

Kafin ranar ɗauka Hajiya ta kafa sharaɗi. Ba za ta zauna ɗaki ɗaya da idon nan yana kallonta ba. Ta cire kamarar daga kan allo, ta ja ta iya tsawon wayarta, ta kife ta a kan kantar da ke gefen kujerarta ta rufa mata gefen mayafi. Na ce ba komai, ai mun gama da ita.

Kawu ya fito cikin babbar riga da rawani. Na ce murya kawai za a ɗauka. Ya ce mutum ba ya yi wa jikokinsa magana da singileti. Na zaunar da shi can ƙuryar falo nesa da fankar kwamfuta, na kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, saboda ƙararsa. Watan Agusta ne, a Madina, inda zafi ke wuce digiri 40 ba tare da ya nemi izini ba. Kawu ya riƙe makirufo da hannu biyu, gumi na bin gemunsa, ya yi bismilla ya fara. Ni ina kallon allo, koren layi na tsalle, zuciyata fari ƙal. Ban sa abin kunne ba, don tun daren Umma nake tsoron duk abin da ke fitar da sauti.

Ya ba da labari mai kyau, wallahi. Hanyar da dubban mutanenmu suka bi kafin jirgi ya zama na kowa: Kano zuwa Maiduguri, a ƙetare zuwa Fort-Lamy, wadda sai a 1973 ta zama Njamena, a bi ta Abeche a shiga Sudan ta Junaina, Fashir, Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Ya yi maganar Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Har na ji ƙwalla.

Da ya shafa fatiha na saurari minti na farko. Muryar ta yi nisa, kamar mai magana daga cikin rijiya, amma ana ji. Na ƙara mata ƙarfi, na mayar da ita MP3. Kawu ya amince a tura ta WhatsApp bisa hujjar cewa ba wayar ya yi wa magana ba, aike kawai aka ba ta. Na jefa a zauren dangi na je na kwanta a gaban mukayyif.

Abin da ban lissafa ba shi ne kamarar nan tana da nata makirufo a ciki, kuma sabuwar na'urar da aka soka ta USB takan karɓe zaɓi daga tsohuwa. Wanda Kawu ya riƙe da hannu biyu ko tari bai ɗauka ba. Kunnen da ke aiki yana ƙarƙashin mayafi, taƙi ɗaya daga bakin Hajiya. Ita kuwa 'yar baffansa ce, ayari ɗaya suka taso.

Ga abin da dangi suka ji. Can nesa, Kawu: "Muka taka da ƙafa tun daga Maiduguri har Fort-Lamy." Nan kusa, tar, Hajiya: "A bayan motar gyaɗa." Kawu: "A Mai Wurno na zauna ina karantar da yara allo." Hajiya: "Tsintar auduga a Jazira. Allon ma aro ne." Kawu: "Da igiyar ruwa ta taso a teku, ni na tsaya ina kwantar wa mutane hankali." Hajiya: "Ji shi. Wanda ya yi ta amai a kwanona har Jidda." Kawu ya ce ya riga Jami'ar Musulunci zuwa garin nan, ita da aka buɗe a 1961. Hajiya ta ja tsaki ta ce da suka sauka Sarki Faisal ke mulki, wanda bai hau ba sai 1964. Haka har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba, ba ta bar ko zango ɗaya ba, tana yi tana tsinke zogale.

Kafin Isha saƙonni sun cika wayata. Umma ta turo nata, dariya ce zalla har tana shaƙewa, ba ta ko ambaci 'yar gidan Baffa ba.

Kawu ya ce a kunna masa. Ya saurara tun daga farko har fatiha, hannunsa a kan gemu. Hajiya ta shige kicin tana ta buga tukwane da ba su yi mata komai ba. Da aka gama ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Motar ba ta gyaɗa ba ce. Ta fata ce."

Ranar Asabar ya sa aka raka Hajiya ziyara Masallacin Ƙuba, na zare kamarar, na duba sunan makirufo a Audacity da idona, muka sake ɗauka. Ta fito tsaf, ba gurnani ba gyara. Na tura. Mutum biyu suka sa alamar addu'a, wata jika ta rubuta, "Ina ta Hajiya?"

Dole aka yi kashi na biyu, a kan aurensu da sadakin da har yau ake gardamar ko an cika shi. Wannan karon Hajiya ce ta riƙe makirufo. Kawu ya ce adalci shi ne a mayar da kamarar a ba shi kujerar gefen kanta, shi ma ya yi gyara. Na haɗa su biyun, kowa da layinsa. Sai dai an ci tuwo an kashe mukayyif, kafin Hajiya ta fito da ayari daga Kano barci ya ɗauke shi, bakinsa dab da mayafin.

Na tura wa abokina na Farm Centre layin Kawu ba tare da bayani ba. Ya saurara ya kira ni, ya ce shekararsa da yawa a sana'ar nan bai taɓa jin wuta mai irin wannan gurnani ba, ba ta 50 ba ce ba ta 60 ba, in kashe komai in kira mai lantarki kafin gidan ya kama.