Masu Kallon Tashe

Daga goma ga watan azumi, da an idar da sallar asham, yaran Mainika sukan fito ƙungiya-ƙungiya suna bin gidaje. Wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya saiwoyi da ƙulle-ƙulle ya zama Jatau mai magani, 'yan mata kuma na can da Mairama da Daudu. Haka ake yi a Getso da Lakwaya da Kutama har Kabo. Yaran na ƙoƙari, amma wanda ke son dariya ta gaske, manyan da aka zo yi wa wasan zai zuba wa ido.

Ga maigida mai barcin ƙarya. Ɗazu ana jin muryarsa yana cinikin taki a waya, amma da kiɗan gwangwanin yara ya doso lungu sai fitila ta mutu, minshari ya tashi. Kiɗa ba ya tashinsa, ihu ba ya tashinsa. Abu ɗaya ke farkar da shi: ƙarar kwano a bakin buhu, lokacin da uwargida ta lallaɓa za ta ɗebar wa yara gero. Nan take za ka ji, "Wa ke taɓa hatsin nan?"

Iya mai gyara ita ce masifar 'yan wasa, ita ce kuma arzikinsu. Ba a kai rabin waƙa take ɗaga hannu. "Tsaya, ɗan nan. Tsohon wane gari ne yake tafiya haka kamar an biyo shi? Ranƙwafa!" Yaro ya ranƙwafa. Ta ce sandar ta yi gajarta. A sake. Ta ce amshin ba haka yake ba, a zamaninsu sai an ja ƙarshensa, kuma marigayi mijinta da ya yi wannan wasan har mai gari ya aiko a kira shi. Kafin a ankara ta karɓe gwangwanin tana kiɗa da kanta, jikokinta na ɓuya don kunya. Yara suna ƙorafi, amma gobe ma gidanta za su fara zuwa, don ita ce ke cika mudu ba ta shafe bakinsa.

A birnin Kano akwai Nalako, sarkin gwagware, mai farautar marasa mata a wannan wata. A ƙauye ba a buƙatarsa, kowane yaro ya san ɗakin da ba a hura wuta. Gwauro na asali yakan ba da abin da ya samu ya huta. Mai wahala shi ne wanda matarsa ta yi yaji makon jiya: zai tsaya a ƙofa yana kafa wa yara 'yan shekara tara hujja cewa shi fa biko ake yi.

Sai ɗan birni, wanda ya yi wata uku yana ɗaukar kaya a Kantin Kwari. Yana haska wa yara fitilar waya a ido, yana bayyana wa jama'a cewa wasan ba tsari, ba darakta. Bai san cewa 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa ma a dandali suke wasa kafin su yi fim ɗin Turmin Danya a 1990 ba. Da aka miƙo masa ƙoƙo sai ya laluba aljihu ya ce, "Ku ba ni lambar asusu, zan tura muku."

Malam mai hani kuwa tun da rana ya faɗa cewa tashe shiririta ce. Ga shi a zaure da carbi, ya juya baya. Amma in aka zo da wasan Ka Yi Rawa, yaro da rawani da allo yana rantsuwa bai taka ba, dubi kafaɗar Malam.

A cikin yaran ma akwai wanda ya cancanci ambato: mai riƙon jaka. Ba ya waƙa, ba ya rawa, ba ya yarda a shafa masa baƙin tukunya. An zaɓe shi ne don shi ya fi kowa iya lissafi a aji. In dare ya yi aka zauna rabo, sai ya zazzage jakar, ya zura yatsa ta wani rami a gindinta, ya nuna wa kowa.