Bazazzagi, Ina Ka Samo 36?

Bawana na Zariya, gaisuwa daga Ƙofar Mazugal. Ka dame mu da cewa garinku ne gidan ilimi, wai tun 1962 kuke da Jami'ar Ahmadu Bello, mu kuwa sai awo da ƙirga canji. To, ga littafin ɗiyata 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare, wadda ka zaunar a zaurena kana yi wa jinga bayan ka share mini malmala uku. Malaminta ya zabga mata jan biro.

Tambayar ba ta fi layi ɗaya ba: a nemo abu mafi girma da zai raba 12a³b² da 18a²b⁵ ba saura, wanda yara ke kira HCF. Kai kuma ka gyara zaman hula ka rubuta 36a³b⁵. Haba! Ta yaya 36 za ta shiga cikin 12? Ka hango manyan lambobi ne kawai ka kwashe, kamar an sauke tiren tsire a gabanka.

Matso in koya maka, kyauta. A fara da lambobi: 2 tana raba 12 da 18, 3 ma haka, amma babbarsu ita ce 6. Sai haruffa. Na farko yana da a uku, na biyu yana da biyu. Biyun nan ne kowa ke da su, sai a ɗauki a². Wajen b ma ƙaramin ake bi, b². Amsa 6a²b². In kana shakka, raba ka gani: na farko zai bar 2a, na biyu 3b³, kuma babu abin da ya sake haɗa su. Abin da ka rubuto LCM ne, amsar wata tambayar da ba a yi maka ba. Ni abin da ya ɗaure mini kai, a da b ba su da mace ba su da namiji. Na zaci nan ne mutanen da ke cewa "matana ya dawo" za su yi zarra.

Kada ka ce mini boko ne ya yi nisa. Malaman zaure na cikin birni da ke karantar da babin gado a Muhtasar suna wannan lissafi ba allo ba alli, suna kiransa tawafuƙi. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji: mata tumuni, uwa sudusi. Malam zai duba 8 da 6, ya ga 2 ce ke raba su, ya ɗauki rabin takwas ya buga da shida, dukiya ta zama kashi 24. Mata 3, uwa 4, ɗa ya tafi da 17. Al-Khawarizmi kansa, da ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babban ɓangarensa a kan wasiyya da gado ya ƙare. Da kai aka ba rabon, da ɗan marayan nan sai ya ciyo bashi ya cika wa magada.

Ga naka aikin gida: 20x⁴y da 35x²z. Ka kula, y da z ba su san juna ba, kada ka ɗaura musu aure. Ka aiko da amsa ta hannun direban Kwangila, tare da kuɗin tuwona.