A Karɓi Gari, A Hana Amsa

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutane ne ke kewaye teburi, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, ɗaya kuma ya zama uban wasa. Shi kaɗai ya san inda dodo yake kwance da inda aka binne dukiya, har yakan kafa kwali a gabansa kada a leƙa masa takarda. Sauran sai dai su yi tambaya, su jefa wani abu irin ɗan ludo, wani har fuska 20 gare shi, uban wasa ya riƙa tsakuro musu bayani. Suna ta gardama a kan yadda za a yi tsakuren, har a 2008 wani Justin Alexander ya kawo doka, cewa duk abin da kake so 'yan wasa su gano, ka ajiye musu alamu aƙalla uku. Da bayin Allahn nan sun san hanyar Kwaya da sun huta, domin daga Magariya har Dungas babu fadar shan shayin da ba ta da nata uban wasan. Sai dai namu ko alama ɗaya ba ya ajiyewa.

Ga mutum nan ya dawo daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ƙura har gira. Kowa a fadar yana da rago ko akuyar da yake son kaiwa, kuma shi ya san haka. A ce, "Malam, yaya kasuwa?" Sai ya cire hula, ya leƙa cikinta kamar a nan ya rubuta farashin, ya mayar, ya ce, "Kai, kasuwa sai a hankali." Ta tashi ne ko ta faɗi? "To, ai kun san halin kasuwa." A miƙa masa shayin farko mai ɗaci, ya kurɓa, ya ba da labarin tayar da ta fashe musu a hanya. A na biyu ya kawo sunan direba da na kakan direba. Ana zuba na uku mai zaƙi, kowa ya miƙa wuya, sai ya kaɗe riga ya ce la'asar ta yi. Da waya ta zo an zaci an huta, ashe kwalin ne ya ƙara tsawo. Yanzu saƙon murya ne na minti huɗu a WhatsApp, uku gaisuwa, na ƙarshe kuma, "Akwai magana, amma ba ta waya ba ce."

Kada a ɗora wa al'ada laifi, domin ita ta yi mana tsari tun muna yara. A kacici-kacici, mai tambaya ne ke riƙe da amsa. Ya ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." In an kasa, ya ce a ba shi gari. A ba shi ƙaramin ƙauye ya ƙi, a ba shi Damagaram ko Kano ya karɓa, ya yi ta fankamar abin da zai ci a can, sannan dole ya ce tsintsiya. Yaron da ya karɓi gari ya hana amsa, gobe ba mai kula shi a dandali. Manyanmu sun riƙe rabin farko na dokar gam, rabi na biyu kuwa sun manta shi a ɗakin kaka. Su karɓi shayi, su karɓi goro, su karɓi kuɗin kati, amsar tana aljihu.

Za a ce ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma riƙe sirri mutunci ne. Gaskiya ne, amma mai riƙe sirri ba ka ma sanin yana da shi. Wanda ya tara jama'a ya ce, "Da zan faɗa muku abin da na sani, da ba ku yi barci ba," wannan talla yake yi, kayan ne kawai ba ya saukewa. Za a kuma ce labari mai nauyi da lallashi ake isar da shi. Wannan ma an yarda, ba wanda ke son a jefa masa labarin rasuwa daga bakin ƙofa. To amma jaka nawa buhun gero yake, wane ne zai suma don ya ji? Haka mai zama bayan teburi da ke ce wa talaka takardunsa ba su cika ba, a tambaye shi wacce ta rage, ya ce a dawo Litinin, wane nauyi yake sauƙaƙa wa mutum ban da na aljihu?

Hujjar da ta rage ita ce jan rai na ƙara wa labari armashi. Su ma Amurkawan sun san haka, shi ya sa suka kafa kwalin. Amma sun gano cewa uban wasan da ya cika rowa, 'yan wasansa hamma suke yi su watse, ya rage daga shi sai taswirarsa. Mu kuwa ba ma watsewa, sabon gawayi muke zubawa. Don haka 'yan fada, daga yau a sauya tsari: wanda ya dawo daga Maigatari ya faɗi kuɗin rago tukuna, sannan a ɗora buta.