Nazari Kan Hutun Ƙarshen Mako a Ƙasar Adar

Hutun ƙarshen mako, wanda ma'aikatan Tawa suke kira wikan, al'ada ce da ke buƙatar mutum ya bar gidansa ranar Asabar, ya kashe kuɗinsa a wurin da ba shi da dangi kuma ba shi da haja, ya komo ranar Lahadi yana iƙirarin ya huta. Masu wannan ɗabi'a sun fi ƙaunar tsibiri, wato ƙasar da ruwa ya kewaye, kuma abin misalinsu shi ne Gore ta ƙasar Senegal, wadda jirgin ruwa ke kaiwa daga Dakar cikin kimanin minti 20, wadda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1978 saboda tarihin cinikin bayi, kuma wadda mota ba ta yawo a cikinta.

Matsalar ita ce Ba'adare bai san tafiyar da ba ta da dalili ba. A wurinsa tafiya iri uku ce: biɗa, wato ci-rani, sai gaisuwar mutuwa ko biki, sai aikin hajji. Shi ya sa za a sami mutumin Keita ko Bouza da ya shekara 20 a Abijan, Grand-Bassam tana nisan kilomita 40 kacal da shi, da tsofaffin gine-ginenta na lokacin da take babban birnin mulkin mallaka tun 1893, amma idan har ya taka bakin tekunta to da tiren agogo da tabarau ya je, kuma abin da ya riƙe game da teku shi ne masu wanka ba sa yawo da canji.

Da yake Allah bai ba Adar teku ba, 'yan boko sun koma ga tafkin Tabalak, mai nisan kimanin kilomita 50 daga Tawa a kan hanyar Agadas, wanda aka sanya cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2005. Ana shirya tashi da asuba, a tashi bayan azahar, domin tilas a yi sallama da maƙwabta, kuma kowace sallama tana haifar da sallahu, wato saƙon da ba a iya ƙi, kuma ba a cika haɗa shi da kuɗinsa ba. Motar da aka tanada wa mutum huɗu takan ɗauki tara, har da wani ƙanen suruki da za a sauke a hanya, wanda bincike bai taɓa tabbatar da an sauke shi ba.

Shirun da aka je nema kuwa ana kashe shi tun kafin a shimfiɗa tabarma, da akwatin kiɗa da gardamar siyasa da shayi zagaye uku. Tafkin kansa ana juya masa baya, tunda amfaninsa shi ne ya fito a bayan mutum cikin hoton da za a tura WhatsApp don abokan aiki su ji haushi. Sauran yinin yana ƙarewa wajen tayin kifi, saboda wanda ya komo ba tsaraba a Tawa ana ɗaukarsa bai je ko'ina ba, ko kuma ya je inda bai kamata ba.

Ranar Litinin matafiyin yakan isa ofis da ƙarfe goma da ciwon baya da bashin kuɗin mai, ya gyangyaɗa a kan tebur har azahar. A nan ne ake yin ainihin hutun, kuma gwamnati ce ke biya.