Jinjina ga masu koya wa malaman jami'a haƙuri

Duk mai cewa hukumomin ƙasar nan ba su damu da bincike ba, bai taɓa neman tallafin sayen na'ura a jami'ar gwamnati ba. Da ya nema, da ya ga tarbiyyar da ake ba malami kyauta. Wa zai koya wa farfesa haƙuri kamar fayil ɗinsa, wanda zai tashi daga teburin shugaban sashe, ya kwana a tsangaya, ya yada zango a ofishin kuɗi, sannan ya tare a kwamitin sayayya? Sannunku da ƙoƙari!

A yaba musu kan riƙon alkawari. A 2012 kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu ya zagaya jami'o'i, ya tarar da ɗakunan gwaje-gwajen da ake dafa sinadarai a kan risho. A 2013 gwamnati ta yi wa ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, alkawarin naira tiriliyan 1.3 don farfaɗo da jami'o'in. Aka fara da biliyan 200, mafi yawan sauran kuma aka adana shi a fatar baki, inda ɓarawo ba ya kaiwa. Da malamai suka matsa, a 2022 aka bar ɗalibai suka huta wata takwas a gida.

A yaba musu kan iya lissafi. Malamin da ya tsara kasafinsa a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, in amincewa ta iso shi a 2024, ya tarar ta haura 1,500. Na'urar da ya nema daga Jamus tana nan a farashinta, kuɗin hannunsa ne suka koma na wayoyinta. Sai a ce ya sake rubutowa. Ai maimaici ƙarin ilimi ne.

In Allah ya yi na'urar ta tsallake kwastan ta iso, nan gwanintar take. Za a kafa rumfa, a yanke kyalle, a ɗauki hoto da manyan baƙi. Wanda ya san sarrafa ta, da kayan gyara, da sinadaran da take ci, duk ba sa fitowa a hoto, don haka ba sa cikin kasafi. An sayi doki, an bar wa Allah harawa. Je ka leƙa: tana nan a kusurwa cikin ledarta, ƙurar hunturu ta yi mata bargo, takardar garanti ta ƙare ba a taɓa kunna ta ba. Wace ƙasa ce ta iya tattalin kaya haka?

Ga kuma wuta. A Afrilun 2024 kuɗin lantarkin kwastomomin rukunin A ya koma naira 225 kowane yunit, jami'o'i suka shiga rabon wuta. Firjin da ya kamata ya riƙe samfurin jini a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili yana narkewa cikin dare, aikin shekaru ya tafi kwandon shara. Ɗalibar digiri na uku ta ci bashi ta aika samfurinta Afirka ta Kudu, a kira wannan haɗin gwiwa da ƙasashen waje.

Waɗannan ɗaliban ne gobe za su auna ruwan da muke sha da maganin da muke ba 'ya'yanmu. Ranku ya daɗe, Allah ya saka muku da abin da kuka shuka: ranar da ciwo ya kwantar da ɗayanku, a auna jininsa a nan gida, da na'urar da ya ƙaddamar.