Yadda Na Yi Wa Katin Kwamfutata Kishiya

Duk mai tace bidiyon biki a Kano ya san watan Sha'aban. Kowa so yake ya aurar kafin azumi, kuma kowace amarya so take ta ga kamu da dina da buɗar kai a wayarta tun lalle bai goge ba. Ni kuwa kwamfutata in na saka ta rendarin bayan isha'i, sai dai in rufe shago in yi mata addu'a, da asuba in zo in tarar tana kashi 70 cikin ɗari.

Wani abokin sana'a ne ya hure min kunne a wajen mai shayi. Ya ce manyan gidajen tace fim na Amurka ba sa aiki da katin girafik ɗaya, jera su suke yi a injin. Wannan gaskiya ne, sai dai bai ƙarasa zancen ba, ni kuma ban tsaya tambaya ba. Lissafina mai sauƙi ne: ina da GTX 1080 Ti mai giga 11, in na ƙaro irinsa na samu giga 22, aikin kwana ya koma na rabin dare.

Na kwashi adashin uwargida da alƙawarin zan mayar kafin sallah, na nufi Beirut Road. Katunan tokumbo sun yi araha tun watan Satumbar 2022, lokacin da Ethereum mai kuɗin kirifto ta daina haƙa da kati, masu haƙar suka yi ta zubar da nasu. Wanda aka miƙo min fitar 2017 ne kamar nawa, amma ƙurar da ke fankarsa ta isa a shuka gero. Mai shagon ya hure ta da baki, ya ce, "Alhaji, sabo ne fil, leda kawai ya rasa." Da na ji Alhaji sai na daina ciniki.

A shago aka fara daru. Akwatin kwamfutar ya ƙi rufuwa, muka cire murfin muka jingine. Akwatin wutarta mai wat 550 ba shi da ragowar wayar da zai ciyar da amarya, wato sabon katin, ga shi kowane kati na iya jan wat 250 shi kaɗai, dole na koma kasuwa na sayo mai wat 850 da kuɗin hayar shago. Muka kunna, fitilu suka kama, na tura bikin wata Hajiya, na harɗe ƙafa.

Aikin ya fi da daɗewa.

Yarona, wanda ni na koya masa riƙe linzamin kwamfuta, ya leƙa ya ce, "Oga, sabon fa barci yake." Na duba, sifili cikin ɗari. Ashe DaVinci Resolve na kyauta da nake amfani da shi kati ɗaya yake gani a Windows. Mai ganin fiye da ɗaya shi ne Studio, na dala 295, kuma sun rubuta hakan ɓaro-ɓaro ga mai karatu. Ita kuwa amaryar da ba ta taɓuka komai, ta zauna daram a bakin fankar uwargidanta ta toshe mata iska. A zafin Kano kati ya haura digiri 80, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Wato kuɗi na biya aka shaƙe min katin da ke ciyar da ni.

Ban saduda ba. Na je Zoo Road wajen wani edita na finafinan Hausa, na roƙi aron ɗan makullinsa na USB mai buɗe Studio, ya ba ni bisa sharaɗin in dawo da shi kafin azahar. Nan kam katunan biyu suka tashi tare, kuma a faɗi gaskiya, wajen share dishi-dishin hoton da aka ɗauka a zauren dina mai duhu, da gyaran launi, an ga bambanci. Sai dai giga 22 ɗin nan babu su. Kowane kati nasa kwafin hoton yake riƙewa, 11 da 11 suka tashi 11. Bidiyon kuma yana nan yana tsalle-tsalle idan ina yanka, amarya ta ɗaga ƙafa a nan, ta sauke a wajen yanka kek.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Muka tayar da ƙaramin janaretan da muke haɗaka da tela maƙwabcina, wanda ko dutsen guga ba ya ɗauka. Katunan suka ja, janareta ya yi tari, ya yi gurnani, ya mutu, rendarin yana kashi 94. Tela ya leƙo da almakashi a hannu yana tambayar ko walda na fara.

Daidai lokacin Hajiya ta yi sallama.

"Ɗana, ina bidiyon 'yata?"

"Ranki ya daɗe, injin muka ƙara wa ƙarfi."

Ta dubi kwamfuta tsirara, wayoyi a waje, yarona na yi mata fifita da kwali. Ta ce, "To Allah Ya ba ta lafiya. Gobe zan aiko direba."

Bayan ta fita yaron ya ce, a hankali don kada tela ya ji, "Oga, ni a ganina hanyar ce ƙarama." Ya nuna tsohon had-disk ɗin da duk ɗanyen bidiyon ke ciki, yana reto a jikin siririyar waya. Ko kati goma aka jera, sai sun jira abin da ya miƙo musu. Muka aro SSD muka kwashe aikin, ya yi wa fayilolin ƙananan kwafi marasa nauyi na yanka, muka zare katin na biyu. Tsallen ya tsaya, direba ya karɓi saƙo da hantsi.

Katin yana nan a shago cikin kwalin taliya, na goge shi tas. Duk mai Studio na kansa, da akwati mai faɗi, da janaretan da ba na haɗaka ba, ya zo mu daidaita. A yi sauri, uwargida ta fara ƙirga kwanakin sallah.