Yadda Kwastan Turai Suka Katse Jawabin Kawu

A danginmu, duk wanda ya taɓa saita wa tsoho agogon waya ya zama injiniya ke nan har abada. Nawa laifin ya fi haka, domin ina da kwamfuta, ina kuma sa tabarau. Shi ya sa da Kawu ya yanke shawarar gutsuro wani abu daga garatutinsa ya saya wa autansa kyamara, ba a tsaya neman wanda zai duba ta ba. Autan nan taubashina ne. Ya gama bautar ƙasa, ya zaga ofis-ofis da takardu har takalminsa ya buɗe baki, sai ya ce shi hoton biki da bidiyo zai kama.

Mai shagon, a wata filaza a Wuse, ya yarda mu ajiye rabin kuɗi mu tafi da ita gwaji zuwa Litinin. Ta hannu ce, 'yar Amurka, irin wadda ake kwance mata ido a ɗaura wani. Ido biyu ya haɗa mana: mai zuƙowa 18–55, da kuma 50, wanda ba ya zuƙo komai amma ƙofar haskensa na buɗewa har f/1.8. Megafiksel 24, bidiyo 1920 a 1080. Aka kuma yi dace, ranar Asabar akwai suna a gidan Kawu a Orozo, 'yarsa ta zo wankan haihuwar fari.

Wanda bai san Orozo ba, ya kama hanyar Karshi: AYA, gangaren Kugbo, Nyanya, Karu, Jikwoyi, Kurudu, sai Orozo kafin Gidan Mangoro. A taswira ba nisa. A yammacin Juma'a kuwa, tsakanin Kugbo da gadar Nyanya na karance littafin bayanin kyamarar kaf, har da ɓangaren Faransanci da ba na ji. Sauran hanyar na cinye ta wajen yi wa taubashina lacca. Na ce masa kafin 2008 mai hoto daban, mai bidiyo daban, kowa da na'urarsa. A shekarar Nikon ta fito da D90, ta farko a manyan kyamarorin hoto masu madubi da ta ɗauki bidiyo, Canon ta biyo baya da 5D Mark II mai cikakken HD, Panasonic kuma ta fito da G1 wadda ta yar da madubin cikin gaba ɗaya. Na ce ya tuna fim ɗin Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, zamanin kaset, ga shi yau yaro da jaka ɗaya a kafaɗa ya fi masu fim ɗin kayan aiki. Da na waiga, barci yake.

Da asuba aka raɗa suna, aka raba goro da dabino. Hantsi na dubawa maza suka fito ƙofar gida, kowa cikin farar shadda mai sitati. A nan kyamarar ta fara nuna halinta. Ma'aunin haskenta an gina shi ne a kan cewa duniya, in aka gauraya farinta da baƙinta, ruwan toka ce. Da ta ga fari fat ta ko'ina, sai ta tsorata ta rage haske. Rigunan suka fito tsaf, har zaren aikin wuya ana ƙirgawa, amma tsakanin hula da wuyan riga babu kowa, sai duhu da haƙora. Na ƙara mata haske da hannu, fuskoki suka dawo. Wani yaro a gefe ya nuna min hoton da ya ɗauka da Tecno ɗinsa, ba tare da ya karanta littafin kowa ba. Na kore shi, domin wurin aiki ba wurin yara ba ne.

Sai na ga lokacin gwada ido na biyu ya yi. Littafin ya ce a canza ido a wuri mai tsabta, inda babu iska. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zuwa Orozo da hunturu ba, lokacin da hazo ke rufe duwatsun da ke kewaye da garin, tifar yashi kuma ta wuce ta bar wa kowa hoda kyauta. Na juya wa titi baya, na kwance 18–55, na miƙa hannu taubashina ya ba ni 50. Ba ya nan. Ya bi masu fiɗar rago. Na tsaya da kyamara baki buɗe ina ƙwala masa kira, babura na wucewa, har ya dawo da tsire a hannu.

Idon 50 a kan irin wannan kyamara mai ƙaramar sensa yana gani ne daidai da 75 ko 80. Ma'ana, in kana son mutum goma su shiga hoto, sai ka ja baya. Na ja, na ƙara ja, na sake ja, har ƙafata ta dama ta sauka cikin bahon da ake wanke kayan ciki. Ban saki kyamarar ba, a rubuta wannan. Daga nan na sauya tsari, na ce kowa ya zo shi kaɗai ya tsaya jikin bango. Rana ta take, na tsuke ƙofar haske zuwa f/16, na riƙa sa kowace fuska a wuri ɗaya cikin firam. Aiki ya tafi lafiya lau.

Cikin gida ne aka yi ta. Duk masu sharhin kyamara a Turai da Amurka abu ɗaya suke yabo a idon 50: ka buɗe shi zuwa f/1.8, fuska ta fito raɗau, duk abin da ke bayanta ya narke ya zama hazo mai laushi. Kuɗi suke zubawa don wannan hazon. Na zaunar da Hajiya matar Kawu a tsakiyar falo da jikanta a cinya, na ɗauki hoton da ni kaina sai da na ce masha Allah. Na juya mata bayan kyamarar. Ta duba, ta matso da ita kusa da ido, ta nisanta.

"Ina labulen?"

Na ce, "Hajiya, ai ga shi nan a baya, an tausasa shi ne don ki fito."

"Ni na ce maka ban fito ba? Labulen nan saboda sunan nan aka ɗinka shi. Ina shogilas? Ina kulolin? Firij ɗin ma ka mai da shi gajimare. Dangin mijin yarinyar nan in suka kai hoton Zariya, cewa za a yi a cikin hayaƙi muke zaune."

Na so in yi mata bayanin fasaha, amma da na dubi falon sai na yi shiru. A can inda aka ƙera idon, bayan mutum shirgi ne da ake son ɓoyewa. A nan, bayan mutum shi ne abin da aka yi adashin shekara aka saya. Wata gwaggo kuma ta kawo nata ƙorafin ta ɗaya gefen: hotonta ya fito da yawa. Duk inda hoda ta tsaya da inda wuya ya fara, megafiksel 24 sun kawo rahoto. Ta ce wayarta ba ta taɓa yi mata wannan rashin kunyar ba.

Bayan la'asar aka taru a falo don Kawu ya yi wa surukai godiya. Aka ɗauke wuta, aka tada janareta, aka kunna ƙwayaye. Na mayar da 18–55, na danna jan maɓalli, na tsaya a lungu, taubashina a kafaɗata. Kawu tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, kuma duk jawabinsa, ko na ɗaurin aure ko na ta'aziyya, daga Legas yake tasowa, a watan Disambar 1991, lokacin da Babangida ya dawo da fadar gwamnati Abuja. Daga nan sai gidan haya, sai tsadar haya, sai yadda ya sayi fili a Orozo lokacin da mutane ke masa dariya wai ya koma daji. Ba ni da abin ɗora kyamara, hannu ne kawai, kuma hannu ba ƙarfe ba ne.

Bayan isha'i wuta ta dawo. Kawu ya ce a haɗa a talabijin kowa ya gani, har baƙin Zariya da za su kwana. Na jona waya, muka fara da hotunan safe.

Hoton Kawu ne farko. A tsakiyar goshinsa, ƙasa kaɗan da hula, ga wani tabo baƙi-baƙi, zagayayye, mai laushin gefe. Falo ya yi tsit. Wani daga cikin baƙi ya ce, "Masha Allah, Alhaji, tabon sallah." Kawu ya shafa goshi, ya gyara zama. Hoto na biyu liman ne, da tabonsa, ba wanda ya yi mamaki. Na uku wani maƙwabci ne da duk unguwa ta san sai an sallame yake isa masallaci, shi ma ga nasa, har ya fi na liman fitowa. Na huɗu dattijon Gbagyi ne da ya sayar wa Kawu filin, wanda dattijo ne a cocinsu. Ƙwayar ƙura ɗaya ce ta zauna a kan sensa. In ƙofar haske a buɗe take ba a ganinta, in aka tsuke sai inuwarta ta fito, a wuri ɗaya a kowane hoto. Na fara wannan bayani, Kawu ya ɗaga min hannu, ya ce a koma na farkon ya ƙara gani.

Sai bidiyo. Wasu ratsi-ratsi masu duhu suka riƙa tasowa daga ƙasan allo suna bi ta kan fuskar Kawu suna wucewa sama. Gwaggon nan ta fara a'uziyya. Ba aljanu ba ne. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu 50, kyamarar kuma tana nan da saitin garinsu, firam 30 a daƙiƙa maimakon 25, ga janareta da ke bugawa yadda ransa ya so. Ƙarƙashin muryar Kawu kuma wani ƙurus-ƙurus ke tashi kamar ɓera a buhun gyaɗa: injin idon ne ke neman saiti. Yana da dalili. A bangon bayan Kawu akwai kalanda mai hoton wani ɗan takara, kuma na'urar gane fuska ta fi amincewa da shi, don shi ba ya motsi. Rabin jawabin, ɗan takara ne raɗau, Kawu a hazo.

Makirufon kyamara a jikinta yake, kuma bakin da ya fi kusa da shi ba na mai jawabi ba ne. Wajen minti na ashirin, wata murya ta fito daga talabijin, tas, ta fi ta Kawu ƙarfi:

"Wai tsohon nan yaushe zai fito daga 1991?"

Wata ta amsa, "Ai ko Lokoja bai iso ba."

Na duba inda taubashina yake zaune, babu shi, sai takalminsa ƙafa ɗaya. Na shaida wa jama'a cewa wannan yana cikin gwajin makirufo, kuma ya ci jarrabawa. Ba wanda ya ce uffan. A allo Kawu ya iso Orozo, ya gina gida, ya aurar da 'ya, ya juyo wajen baƙi ya ce, "To yanzu, surukaina na Zariya, abin da nake so duniya ta sani game da ku shi ne..." Allo ya yi baƙi.

Minti 29 da daƙiƙa 59. Shekaru da dama a baya, dokar kwastan ta Tarayyar Turai ta riƙa ɗaukar kyamarar da ke naɗar minti 30 a jere a matsayin kyamarar bidiyo, mai harajinta daban, sai kamfanoni suka riƙa datse kyamarorin hoto saura daƙiƙa ɗaya. Abin da 'ya'ya da mata da limamai suka kasa yi wa Kawu shekara da shekaru, wani ma'aikacin haraji a Brussels ya yi shi ba tare da ya san akwai Orozo ba. Babban surukin ya yi gyaran murya, ya ce shi dai ya ji godiyar da kunnensa, amma waɗanda ke gida za su so su san mene ne duniya za ta sani game da su.

Rahotona na rubuta shi a daren, na tura ta hannun Hajiya, don ban ga alamar Kawu na son ganina ba. Hoto: babu laifi, in an san halin farar shadda. Bidiyo: a mai da ita firam 25, a sayi makirufo na daban mai doguwar waya, da abin ɗorawa mai ƙafa uku, da batir na biyu, a kuma sa yaro ya riƙa duba agogo. Jimillar waɗannan ta kusa rabin kuɗin kyamarar, don haka shawarata a mayar.

Kawu ya ƙirgo cikon kuɗi ranar Litinin. An riga an wanko masa hoton nan babba, an sa a firam, an sauke kalandar ɗan takara an rataye shi. Mai shago kuwa, don jin daɗin ciniki, ya buɗe kyamarar ya goge sensa kyauta kafin ya miƙa wa taubashina.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko masallaci, abokan Kawu 'yan fansho suka yi layi jikin bango, kowa ya tura hula baya. Da la'asar wayata ta yi ƙara.

"Kai, an musanya mana kyamara."

"Kawu, ita ce, gogewa kawai aka yi."

"Wa ya sa shi? Gobe ka zo ka ɗauka ka kai masa, ka ce ya mayar da abin da ya cire. Kuma ka fito da wuri, ka san Nyanya."